Yadda Na Sayo wa Kawu Yaƙutu a Zongon Lome

Tun ranar da na dawo ban ƙera zobe ɗaya na gama shi a zama guda ba. Da na hura wuta sai wani ya yi sallama ya zauna a bakin rumfa, ya ce, "To Sanusi, yaya Lome?" In ɗauko daga farko, kafin in kai Legas wani ya shigo ya ce a koma masa baya. Ni kuwa ba na son in faɗi magana yau, gobe in sake faɗinta da ƙari ko ragi, ina tsoron kada ta zama ƙarya. Shi ya sa na sayi littafin rubutu na zauna in rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta ya miƙa wa na kusa da shi. Karatuna bai wuce firamare ba, wanda ya ga kuskure ya yi haƙuri.

Ga abin da ya kai ni. Kawuna Alhaji Barau, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, ya daɗe yana son zoben azurfa mai jan yaƙutu na gaskiya. Sau biyu ana cutarsa. Na farko ashe kwalba ce aka goge. Na biyu dutse ne na gaske, amma wani masani ya duba ya ce an gasa shi a wuta don jansa ya fito. Kawu ya cire shi a take, bai sake sawa ba. Ya ce shi yana son dutse yadda Allah ya halicce shi, wanda hannun mutum bai gyara masa fuska ba, kuma yana so ya sa shi kafin idonsa ya gama tafiya.

Ina da taubashiya a Lome, Ramatu, 'yar Gwaggona da aure ya kai can tun ba a haife ni ba. A wata wasiƙa ta ambaci wani Alhaji Mamudu a unguwarsu, mai sayar da duwatsun da ba su taɓa ganin wuta ba. Kawu ya sa aka karanta masa wurin sau biyu, sannan ya dube ni.

"Kai za ka je."

"Kawu, ni da ko Kaduna zan je sai na kwana biyu ina shiri?"

"Shi ya sa. Matsoraci irinka ba ya sayen abu da gaggawa."

Ya ba ni abin da ya daɗe yana tarawa don dutsen nan, ya ce na dutse ɗaya ne, babu na biyu. Na zuba a lalita na ɗaure a ƙugu, na sa riga biyu a kai.

A jirgin ƙasa daga Zariya Allah ya haɗa ni da wani dattijo mai fataucin albasa, ana ce masa Ɗan'azumi. Ba mu kai Kaduna ba ya matso ya ce mini a hankali, "Malam, in so kake ɓarawo ya san inda ka ajiye, ci gaba da shafa wurin." Ashe ba na yin minti biyar ban taɓa ƙuguna ba. Daga nan na zauna a kan tafukan hannuna, har suka mutu. Da muka tsaya a wata tasha aka kawo dafaffiyar masara, shi ya riƙa ɓare mini, yana dariya yana cewa bai taɓa tafiya da jariri mai gemu ba. Mutumin kirki ne. Da muka isa Legas shi ya kai ni masaukinsa a unguwar Agege, ya ce wa maigidan wurin a ba ni kusurwa mai bango biyu don hankalina ya kwanta, da safe kuma ya raka ni har tashar motocin Lome.

Fijo ce muka shiga, mu tara. A kan iyaka ta farko jami'in ya duba fasfona da katin rigakafi, komai daidai, sai ya tambaye ni da Hausa me zan je yi. Sauran fasinjoji kowa kalma ɗaya ya faɗa ya wuce. Ni na ga tunda hukuma ce ta tambaya bai kamata in ɓoye komai ba, sai na ɗauko masa tun daga zoben kwalba. Ina cikin zobe na biyu direba ya fara danna oda. Jami'in ya buga hatimi ya miƙo mini, ya ce, "Ka gaida Kawu." Har muka shiga Kwatano fasinjoji suna ce mini ɗan Kawu.

A ƙasar Binin kowa kamarad ake ce masa, wato aboki da Faransanci, har tsohuwa mai sayar da ayaba. Ba mu daɗe ba muka kai iyaka ta biyu, wadda za a shiga Togo. Nan direba ya ce kowa ya mai da agogonsa baya awa guda. Abin ya dame ni ƙwarai saboda salla. Na ce masa, to awar nan ina za ta? Ya ce in bar ta a wurinsu, ranar da zan koma za a mayar mini. Na yi azahar bisa agogon Zariya, da muka isa na ji ladan yana kira, na sake yin wata don kada a samu shakka.

Teku kuwa na gan shi. Hanya tana bin bakinsa, itatuwan kwakwa a jere. Ba shi da tsallake, iyakar abin da zan iya faɗa ke nan.

Ramatu atamfa take sayarwa a babbar kasuwar cikin gari. Sau ɗaya muka taɓa haɗuwa, lokacin da ta zo ta'aziyya Zariya, amma tun daga nesa ta gane ni, wai da tafiyata ta mai tsoron taka ƙwai. Ta miƙe a tsakiyar mata ta ɗaga murya.

"Jama'a, bawana ya iso! Ku dube shi, riga biyu a zafin nan!"

"Wane ne bawan wani? Ke 'yar mace ce, ni ɗan namiji."

"A bon?" in ji ta da Faransanci. "To ɗan namiji, ɗauki wannan dilar ka kai mota."

Na ɗauka. Har na baro Lome ba mu gama gardamar nan ba, kuma kullum ni ne da kaya a ka.

Zongon ba a cikin gari yake ba yanzu. Tsohon an tashe shi, aka mai da mutane can arewa, bayan unguwar Agwe, sai an shiga tasi. Amma da ka sauka sai ka ce wata unguwa ce a gida: ga masallaci, ga mai tsire, ga mata suna suyar ƙosai. Kowa Hausa yake yi, Bazabarme da Bakotokole da Bayarabe da mutumin Mali, sai dai Hausar tasu ta sha ruwan wurin. Magana uku sai an sa Faransanci a ciki, kuma ba su damu da raba mace da namiji a zance ba. Ni ma dariya suke yi mini, wai ina magana kamar rediyo.

Abincin farko da aka kawo mini sunansa akume. Tuwon masara ne mai ɗan tsami, da miyar lalo irin tamu, sai dai da na sa hannu na ɗago ƙaguwa sukutum da ƙafafuwanta. Na ajiye ta a hankali na dubi mijin Ramatu, Malam Idi, na tambaye shi ko ta halatta. Ya ce abin teku ne, in ci. Na ce ko akwai saɓani? Ramatu ta miƙo hannu ta ɗauke ta, ta ce, "Saɓanin ya ƙare." Tun kashegari da kaina nake laluben ƙasan kwano. Da safe kuma burodi ne dogo kamar sanda, da kofi da madara a cikin kwano, ana tsomawa.

Abubuwa uku sun ba ni mamaki. Kasuwa a hannun mata take, har na ga Malam Idi ya karɓi kuɗin tasi a wurin matarsa a gaban mutane, ko a jikinsa. Na biyu, da rana ta take sai a rufe ofisoshi da manyan kantuna, kowa ya tafi gida ya ci ya kwanta, sai can a dawo. Na uku, babu shagon da za ka shiga ba ka ga hoton Shugaba ba, wasu ma suna maƙale da shi a ƙirji. Na buɗe baki zan yi tambaya, Ramatu ta take mini ƙafa. Da muka fito ta ce, "Nan ana kallo ne a wuce. Surutun gwamnati ka bar shi a rumfarku ta Zariya."

Kashegari da hantsi ta kai ni wurin Alhaji Mamudu. Na zaci zan ga kanti mai gilashi. Baranda ce kawai a ƙofar gidansa, da tabarma, da ɗan tebur, da farin faranti. Shi ɗan ƙaramin mutum ne mai magana ƙasa-ƙasa. Da safe kaɗai yake nuna dutse, a inuwa, ya ce hasken lokacin ne ba ya ƙara wa dutse ba ya rage masa. Muka gaisa, ya tambayi hanya, ya tambayi Kawu, aka sha shayi. Sai da na fara tunanin ko ya manta abin da ya kawo ni, sannan ya ciro wasu ƙunshe-ƙunshen takarda kamar na garin magani, ya riƙa buɗewa yana zubawa a farantin da hantsaki.

Na ga aƙiƙ kala-kala. Na ga kore wanda ake ce wa zumurrudu. Na ga wani shuɗi mai kyau, na tambayi daga wace ƙasa mai nisa ya fito. Ya ce, "Daga ƙasarku, wajen Kafanchan." Ramatu ta yi dariya har da buga cinya, ta ce na baro shi a ƙofar gida na taho a jirgi ina zaune a kan hannuwana.

Sannan ya buɗe na jan yaƙutu. Guda biyar ne. Ɗaya daga ciki bai fi ƙwayar wake ba, amma da na gan shi ban ƙara kallon sauran ba. Jansa ba irin na kwalba ba ne mai tsawa. Kamar garwashi ne da ya kwanta a maƙera, wanda kake ganin wutar tana can ciki. Na nuna shi. Alhaji ya miƙo mini wani ɗan madubin ƙara girma, ya ce in duba cikinsa.

A nan na yi kuskuren da ya jawo komai, kuma zan faɗe shi yadda yake. Ban taɓa riƙe irin madubin nan ba. Na riƙe shi nesa da idona, ban ga komai ba sai jan hazo. Amma an riga an ce masa ni maƙerin azurfa ne, ga Ramatu tana kallona tana jiran abin dariya. Sai na gyaɗa kai na ce, "Madalla." Ni da ke sake salla saboda awa guda, na ce madalla a kan abin da ban gani ba.

Na kai hannu ƙugu zan kwance lalita, Alhaji ya ɗaga hannu. Ya naɗe dutsen a takardarsa ya sa mini a tafin hannu.

"Tafi da shi. Kwana uku. Ka dube shi da safe, ka dube shi da rana, ka dube shi da la'asar. In ya kwanta maka sai mu yi ciniki."

"Alhaji, ranka ya daɗe, ban ba da komai ba."

"Ban tambaya ba. Ni ba na sayar da dutse ranar da aka fara ganinsa. Wanda ya saya da zafi shi ke dawo mini da rigima."

"To a rubuta takarda."

"Ramatu ce ta kawo ka. Takarda ta fi Ramatu ne?"

"Gaya masa dai, Alhaji," in ji ta.

A gida, ku kun sani, ko ɗan kunne mace ba ta ɗauka daga rumfata sai ta bar wani abu. Ga mutum ya ba baƙon da bai taɓa gani ba dutse irin wannan, ya koma shan shayinsa. Na cusa ƙunshin a lalita. Hanyar gida ba ta da nisa, amma na gaji kamar na ɗauko buhu.

Rana ta biyu Ramatu ta ce sai na je na taɓa ruwan teku, kada in koma a ce ban je Lome ba. Na yi tunanin barin dutsen a gida, na ga in na bar shi zuciyata tana can, sai na tafi da shi. Muna kan babban titin bakin ruwa sai aka fara busa usur ta ko'ina. Motoci suka tsaya cak. Wasu mata masu yawa cikin atamfa iri ɗaya suka jeru suna waƙa suna tafi. Ramatu ta ce Shugaba ne zai wuce, in matsa baya. Na matsa. Na ƙara matsawa don in tabbata ban saɓa doka ba. A matsawa ta uku na sa ƙafa a cikin daron tumatir na wata mata, santsi ya ɗebe ni, na faɗi da ƙugu a kan bakin kwalbati, daidai inda lalita take.

Shugaba ya wuce, ban gan shi ba, ina kwance. Mai tumatir ta yi ta faɗa da yarensu, da ta ga yadda na tashi jajir tun daga wuya har ƙafa ina ba ta haƙuri da Hausa, sai dariya ta ƙwace mata, ta kama goge mini riga da zanenta. Na ce duk abin da na murƙushe nawa ne. Kwana uku ana miyar tumatir a gidan Ramatu.

Da muka koma na yi wanka na yi azahar, na fita tsakar gida inda rana take, na buɗe ƙunshin. Na juya dutsen a hasken, sai na ga wasu siraran layuka a cikinsa, farare, kamar allurai, wasu sun gicciye wasu. Jiya ban ga wannan ba. Na goge da bakin riga, suna nan. Na sa a ruwa, suna nan. Ku maƙera kun san abin da layi yake nufi a jikin azurfa: ta tsage, in ka ƙara mata guduma ɗaya ta rabu biyu. Na zauna a kan turmi.

Ramatu ta fito ta gan ni.

"Bawana, lafiya? Ƙugun ne?"

"Na fasa."

"Me ka fasa kuma bayan tumatir?"

Na nuna mata. Ta kanne ido ta duba, ta ga layukan, dariyarta ta ɗauke. Ita atamfa ta sani, ba ta san dutse ba. Na gaya mata abin da ke raina. In na biya wannan, abin da Kawu ya ba ni ya ƙare, in koma masa da fasasshen dutse, a cuce shi karo na uku, wannan karon da hannun ɗan da ya riƙa. In ban biya ba na ci amanar mutumin da ko takarda bai nema ba.

Ta ce, "To ka naɗe shi ka mayar, ka ce bai yi maka ba, ka zaɓi wani. Wa ya gani?"

"Ni na gani."

Ta dube ni, ta ce, "Gwada ka nake yi. Da ka ce to, da yau ka kwana a tasha." Ta ce gobe tare za mu je, in ya so ta yi masa magana. Na ce a'a, ni na faɗi a kansa, ni zan faɗa da bakina.

Tunda da safe kaɗai yake zama, dole na jira. Yinin nan ko ƙaguwa ban nema ba.

Da hantsi na same shi da abokansa biyu suna shayi. Ramatu ta biyo ni duk da haka, ta tsaya a bakin baranda. Na durƙusa na ajiye ƙunshin a kan farantin, na ajiye lalita kusa da shi.

"Alhaji, kwana uku ba su cika ba, amma na zo in gaya maka na ɓata maka dutse. Na faɗi a kansa ya tsage. Ga abin da na zo da shi duka. In bai kai ba, in na koma gida zan ciko."

Bai taɓa lalitar ba. Ya ce, "Yaya aka yi ka faɗi?"

Na gaya masa, har da usur da tumatir. Ɗaya daga cikin abokan ya ajiye kofinsa don kada ya ƙware. Alhaji ya buɗe takardar, ya ɗauki dutsen da hantsaki, ya manna madubin nan a idonsa, manne da gira, ya kawo dutsen dab da shi. A nan na gane yadda ake riƙewa. Ya daɗe yana dubawa. Sai na ga kafaɗunsa suna rawa.

"Malam Sanusi, shekaranjiya da na ba ka madubi, me ka gani?"

Na sunkuyar da kai. "Ban ga komai ba, Alhaji. Ban iya riƙewa ba, kunya ta hana ni faɗa."

"Yawwa. Zo nan."

Ya kama hannuna ya sa mini madubin a ido, ya matso da dutsen sannu-sannu. Sai hazon ya washe. Na ga cikin dutsen kamar ɗaki, ga layukan nan a kwance, sirara, a tsare, suna ƙyalli kamar zaren siliki.

"Wannan zaren da shi aka halicce shi," in ji Alhaji. "Tun yana cikin ƙasa. Shi ne shaidar bai ga wuta ba. In an gasa dutse, zaren nan ne ke fara narkewa."

Ya ciro wani daga wata takarda dabam, wanda yake ajiyewa don nuna wa mutane. Na duba, zaren ya tsittsinke ya zama ɗigo-ɗigo. Ya ce wannan gasasshe ne. Ya ba ni na uku, garau, babu komai a ciki sai wasu 'yan kumfa zagayayyu. Ya ce wannan kwalba ce. Da ni aka bari da idona na maƙeri, na ukun nan zan ɗauka, don ya fi su tsabta.

"Amma Alhaji, faɗuwar fa? Da ƙarfi na faɗi."

Ya aika cikin gida aka kawo magagari. Ya ce in goga a gefen dutsen. Na ƙi. Ya karɓa ya goga da kansa, ya miƙo mini. Ko alama babu.

"Ƙarfe bai iya masa ba, balle ƙugunka. Ƙugun za ka je a duba."

Nan fa baranda ta kece. Ramatu har da zama a ƙasa, tana cewa, "Wayyo bawana! Ya zo biyan diyyar abin da Allah ya yi!" Ni ma na yi dariya, hawaye na zuba, ban san na wanne ba ne. Alhaji ya ce ya sha ba mutane dutse su tafi da shi, wasu su dawo su ce ja ya yi yawa, wasu su ce ya yi kaɗan don a rage musu, amma bai taɓa ganin wanda ya dawo da ƙarar kansa ba.

Na ce to a yi ciniki yanzu. Ya ce a'a, kwana biyu ne, sai gobe. Ya sake naɗe shi ya ba ni. Wannan karon da na fito har na tsaya na sayi kwakwa na sha a hanya.

Kashegari muka yi ciniki cikin mutunci, abin da Kawu ya bayar ya isa. Na sayi ƙananan aƙiƙ guda huɗu da guzurina, su ne waɗanda kuka gani a rumfa. Alhaji ya ba ni tsohon madubinsa kyauta, ya ce kada in sake cewa madalla sai na gani. Ramatu ta yi mini rakiya har tasha da ƙullin busasshen kifi da turmin atamfa na iyali, ta sa ni na ɗauka a ka, ta ce wa direba ya kula da ni, kayanta ne.

Komowa ba ta da labari mai yawa. An mayar mini da awata a kan iyaka. A jirgi na yi barci har Minna.

Na sami Kawu a zaure bayan azahar. Ko ruwa ban sha ba na buɗe masa. Ya ɗauka ya fita bakin ƙofa inda rana take, ya kawo shi kusa da idonsa mai gani, ya juya, ya sake juyawa. Sai na ga fuskarsa ta canza.

"Sanusi. An sake cutata. Wannan ai a tsage yake."

Ban taɓa yin dariya a gaban Kawu ba tun ina yaro. Ranar na yi, har sai da ya ɗaga sanda. Na zaunar da shi na sa masa madubin a ido yadda aka koya mini, na matso da dutsen sannu-sannu, na gaya masa duk abin da Alhaji Mamudu ya gaya mini. Ya daɗe yana kallon cikinsa. Can ya ce, "Ikon Allah. Ashe ƙyal-ƙyal ɗin nan da nake nema shi ne ya riƙa kai ni ga kwalba." Ya sa mini albarka har sai da na ji kunya.

Kwana huɗu na yi a kan zoben. Na gama duk aikin wuta tukuna, na bar azurfar ta huce sarai, dutsen yana can ɗaki a rufe, don ban yarda ko hucin maƙera ya taɓa shi ba. Sannan na zaunar da shi a gidansa na riƙa danne bakin a sanyi, kaɗan-kaɗan, har ya kama. Ranar Juma'a Kawu ya sa. Wanda yake son gani ba sai ya roƙa ba, ya je ya gaishe shi kawai, yanzu da hannu a sama yake amsa gaisuwa.

Saura tambayar da wasunku suke yi, wai me ya sa yanzu kowace salla ake ganina a bayan Kawu a wurin alwala. Dalili shi ne in zai yi alwala yakan cire zoben ya ɗora a kan dakali, ga jiƙaƙƙen hannu, ga ido ba ƙarfi. Jiya ya juyo ya gan ni a tsaye ina kallon dakalin.

"Kai Sanusi, ba kai ka ce ko magagari bai iya masa ba? To me kake tsoro kuma?"

Na ce, "Rariya, Kawu."